Tambayi Likita: "An rubuta GRIN2B a takardar gwajin 'yata, laifin wa ke nan?"

Cikin wasiƙun da suka taru a teburina wannan karon, huɗu sun biyo hanya ɗaya duk da masu su ba su san juna ba, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ta farko za ta ci fili, don in aka gane ta, sauran ba za su ba da wuya ba. Kamar kullum, na cire sunaye na kuma rage tsawon wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 4. Ba ta zauna ba sai da ta shekara ɗaya da rabi, ba ta taka ba sai bayan ta cika 3, har yau kalmominta ba su wuce biyar ba. Tun tana jaririya jikinta ba ƙwari, in ka ɗauke ta sai ta langaɓe. An yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ce lafiya lau. Daga baya aka ɗibi jininmu mu uku, ni da ita da babanta. Sakamako ya fito da GRIN2B, da wasu kalmomi biyu, "de novo". Likitanta ya yi bayani, amma wallahi ranar kaina bai ɗauki komai ba. Wani abu na ci ne ko na sha da cikinta? Daga wajena ne ko daga wajen babanta? In na sake haihuwa, haka za a kuma? — Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Bari in fara da abin da na tabbata shi ke hana ki barci. Ba abin da kika ci, ba abin da kika sha, ba wani aikin wahala da kika yi da ciki da ya jawo wannan. Kalmomin nan biyu Latinanci ne, ma'anarsu "sabo fil". Wato an duba jininki babu, an duba na babanta babu, a kanta abin ya soma.

To, mene ne abin? A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, aikinsu aika wa juna saƙo dare da rana. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin mai aikawa da mai karɓa akwai 'yar tazara wadda silin gashin kanki ɗaya ya fi ta kauri sau dubbai. Mai aikawa sai ta feso wani sinadari cikin tazarar, ita kuwa mai karɓa tana da 'yan ƙofofi a jikinta da ke buɗewa in sinadarin ya taɓa su. Ƙofofin nan su ne makarɓan saƙo. Manyan sinadaran biyu ne: gulutamet mai cewa "tashi", da GABA mai cewa "lafa". Kowanne da irin ƙofofinsa.

Cikin ƙofofin gulutamet akwai wadda ake kira NMDA, kuma ita ce maganarmu. Da ɓangarori huɗu ake harhaɗa ta. Biyu ƙwayar gado mai suna GRIN1 ce ke ba da tsarinsu, sauran biyun kuma daga 'yan uwanta suke fitowa, GRIN2A, GRIN2B, GRIN2C ko GRIN2D. Kin ga ke nan GRIN2B ba sunan cuta ba ne. Ni ina da ita, ke ma kina da ita. Rubutaccen umarni ne da ke kan kuromosom na 12 (kuromosom su ne ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), wanda jiki ke karantawa ya ƙera ɓangare ɗaya na ƙofar. A wajen 'yarki, an samu tuntuɓen alƙalami ne a cikin umarnin.

Tun ina ɗaliba ƙofar nan ke burge ni, don tana da tsirfa. Ba ta buɗewa da makulli ɗaya. Sai gulutamet ya zo, sai wani sinadarin mai suna gilaisin ko ɗan uwansa D-serin shi ma ya zo. Ko sun haɗu, akwai ƙwayar magniziyam da ta toshe bakin ƙofar kamar murfin kwalba, ba ta kaucewa sai in ita mai karɓar saƙon ta riga ta farka da wani saƙon. A 1984 masana suka gano wannan toshiyar. In sharuɗɗan nan suka cika lokaci guda, sai kalsiyam ya kwararo ciki, shi kuma saƙonsa ɗaya ne: "a ƙarfafa wannan hanyar, za a sake bin ta." Ki ɗauki jariri da ya ji kin ce "zo", a daidai lokacin ya ga kin ware masa hannu. Saƙon kunne da na ido sun iso tare, ƙofa ta buɗe, hanya ta ƙara ƙwari. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ranar da zai ji "zo" ya rarrafo ko bai ga hannun ba. Koyo ke nan a gindinsa. Tim Bliss da Terje Lømo ne suka fara bayyana irin wannan ƙarfafuwar hanya a ƙwaƙwalwar zomaye a 1973. A 1999 kuwa Joe Tsien da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka suka ƙara wa ɓeraye yawan ɓangaren GRIN2B, ɓerayen suka fi 'yan uwansu saurin koyo da riƙe abu. Jaridu sun yi ta kururuwa a lokacin kamar an gano maganin daƙiƙanci, alhali darasin da ke ciki shi ne yadda koyo ya rataya a kan ƙofar nan.

Me ya sa alamun suka fito da wuri haka? Saboda tun yaro na ciki har farkon rayuwarsa, ɓangaren GRIN2B ne ya fi yawa a ƙofofin, sai bayan haihuwa na GRIN2A ke ƙaruwa a hankali. Lokacin da ƙwaƙwalwarta ke shimfiɗa hanyoyin riƙe wuya da zama da kallon fuska, da ƙofa mai tangarɗa take aikin. Hoton ƙwaƙwalwar nan da aka yi mata, wato MRI, gini yake nunawa, ba ya ganin makullin ƙofa, don haka ba mamaki ya fito lafiya lau. Ki kuma sani ilimin nan sabo ne. Sai a 2010 wasu masana a Jamus suka wallafa a mujallar Nature Genetics cewa sauyi a GRIN2A da GRIN2B na jawo jinkirin girman ƙwaƙwalwa da farfaɗiya. Likitoci da yawa sun gama makaranta ba su taɓa jin sunan ba.

Mu dawo kan "sabo fil". Rubutun gadon mutum haruffa ne wajen biliyan 3, kuma duk lokacin da jiki zai yi ƙwan mace ko maniyyin namiji sai an kwafe su. Mai kwafar haruffa biliyan 3 dole ya yi tuntuɓe. Kowane jariri a duniya yana zuwa da sababbin sauye-sauye kamar 60 zuwa 70 da babu su a jinin iyayensa. Yawancinsu suna faɗawa inda ba su da illa, shi ya sa ba mu san da namu ba. Na 'yarki ɗaya ne ya faɗa a wuri mai muhimmanci. Wani bincike da aka yi a ƙasar Aisland a 2012 ya nuna adadin yana ƙaruwa da kamar biyu ga kowace shekara ta shekarun uba. Ban kawo wannan don a juya kan babanta ba, samari ma suna haifar irin waɗannan yara. Wani babban bincike na Birtaniya da ya fito a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin haihuwa 1 cikin 213 zuwa 1 cikin 448, gwargwadon shekarun iyaye, ana samun yaro mai matsalar girma saboda irin wannan sabon sauyi, kusan yara 400,000 ke nan a shekara a faɗin duniya.

Game da sake haihuwa, abin da aka saba faɗa wa iyaye irinku shi ne kusan 1 cikin 100. Ba a cewa sifili, domin wani lokaci sauyin kan ɓuya a wasu 'yan ƙwayoyin haihuwa na uwa ko uba inda gwajin jini ba ya kaiwa. Tunda an san ainihin harafin da ya sauya, ana iya nemansa a wani cikin in kuna so. Ku zauna da masu ba da shawara kan cututtukan gado tun kafin cikin ya shiga, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin yi yanzu ba baƙo ba ne: gashi don ƙarfin jiki, mai koyar da magana, duba idanu, lura da barci da haɗiyar abinci. Kada ki jira sai baki ya buɗe. Ki koya mata nuni da hannu da hotuna, hakan ba ya hana magana zuwa, yana dai rage kukan takaici. Kusan rabin yara masu matsalar GRIN2B suna samun farfaɗiya, don haka in kin ga ta ƙame, ko ta kafe ido ba ta amsawa, ko tana zabura a jere, ki ɗauki bidiyo da waya ki nuna wa likitanta. Akwai kuma tambaya guda da nake so ki kai masa, za ki gan ta a amsa ta uku.

TAMBAYA: Likita, ɗana har ya shekara 5 bakinsa garau, surutu kamar aku. Watanni shida da suka wuce sai ya fara yi kamar ba ya ji. A kira shi ya yi shiru, a aike shi ya tsaya yana kallon mutum. Yanzu maganar ma tana zubewa, ga faɗa da jifa. An gwada kunnensa an ce yana ji. Malaminsa ya ce taurin kai ne. Sau ɗaya cikin dare na ga gefen bakinsa yana karkarwa, yawu na zuba. — Daga wani uba

AMSA: Malam, ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma wannan bai yi mini kama da taurin kai ba, kuma ina roƙonka ka hana kowa dukansa. A nemi likitan ƙwaƙwalwar yara, a yi masa gwajin EEG, mai zana yadda wutar ƙwaƙwalwa ke gudana, kuma a yi shi yana barci. Ka riƙe kalmar nan, yana barci. Na farke zai iya fitowa kusan lafiya.

Abin da nake zargi shi ne ciwon Landau-Kleffner. William Landau da Frank Kleffner ne suka bayyana shi a 1957, a kan yara shida da suka gani a birnin St. Louis na Amurka. Yakan faro tsakanin shekara 3 zuwa 8. Kunne na ɗaukar sauti, amma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai fassara shi ya rikice da tartsatsin farfaɗiya, wanda ke tsananta da zarar yaro ya yi barci. Sai maganar mutane ta koma masa kamar yaren da bai taɓa ji ba. Wa zai wayi gari haka bai yi jifa ba? Wasu yaran ba a taɓa ganin sun yi jijjiga ko sau ɗaya ba, naka ma ya ba da alama da karkarwar bakin nan.

Na taɓa yin kuskure a kan irin wannan a farkon aikina. Sau biyu ina mayar da wata yarinya wurin masu gwajin kunne, sai da wata babbar likita ta tambaye ni ko na taɓa tambayar uwar yadda yarinyar ke kwana. Ban taɓa ba. Watanni muka ɓata.

A 2013 rukunoni uku na masana, kowanne da aikinsa, suka gano cewa sauyi a GRIN2A, wadda ke kan kuromosom na 16, na bayan wani kaso na wannan ciwo da danginsa, daga kashi 9 zuwa 20 cikin 100 gwargwadon binciken. Ka ga yawancin yaran ba a samun sa a jikinsu, don haka gwajin gado ba shi ne na farko ba, EEG ne. In an same shi kuwa, ya bambanta da na wasiƙar farko ta fuska guda: ba kullum yake sabo ba. Yakan bi dangi, uba ya yi jinkirin magana yana yaro ya wuce abinsa, ɗa kuma abin ya zo masa da nauyi. Mai ɗauke da shi, kowane cikin da aka samu rabi da rabi ne. Ka tambayi manya a danginku biyu ko an taɓa yin mai nauyin baki ko mai jijjigar dare.

Ana magani, galibi da magungunan sitiroyid ko wasu na farfaɗiya da likita zai zaɓa da kula, don akwai na farfaɗiyar da ke ƙara dagula wannan nau'in. Jijjigar kan lafa wajen balaga. Magana ce abin tsoro, don iya daɗewar tartsatsin, iya wuyar dawowarta. Wata shida ya isa jira.

TAMBAYA: 'Yata Likita, jikana an ce yana da matsalar GRIN1. Na ji ana cewa akwai wani gari mai suna serin da ake sayarwa ta intanet ba sai da takardar likita ba, wai yana taimakon irinsu. Wani kuma ya ce memantin. Wanne zan saya masa? Ba na iya zama ina kallo. — Daga wani kaka

AMSA: Baba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma don Allah a dakata, kada a sayi ko ɗaya tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙofa iri biyu take lalacewa. Ko ta cije ta ƙi buɗuwa yadda ya kamata, ko ta saki ta riƙa buɗuwa fiye da kima, kamar in sauyin ya hana magniziyam ɗin nan toshe bakinta, kalsiyam ya yi ta malala ba ƙaƙƙautawa. Magungunan biyu da aka gaya maka kishiyoyin juna ne. L-serin, in ya shiga jiki, wani kasonsa kan koma D-serin, ɗaya daga makullan ƙofar, wato tura ta yake ta buɗe. Memantin kuwa, wanda Amurka ta amince da shi a 2003 don masu cutar mantuwa ta Alzheimer, toshe ta yake yi. In ƙofar jikanka a sake take ka ba shi mai buɗewa, ka ƙara wa wuta fetur. In a cije take ka ba shi mai toshewa, ka ƙara mata sakata.

Abin da ke ruɗar mutane, har da likitoci, shi ne ba a gane wannan da ido. Hankali zai ce mai farfaɗiya ai ƙofarsa ce ta buɗe da yawa. Ba lallai ba. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne cewa "lafa" su ma da ƙofar NMDA ake tashinsu, in tasu ta cije sai birki ya mutu, jijjiga ta zo. Yara biyu za su iya zuwa da suna ɗaya a takarda, da alamu masu kama, amma matsalarsu gabas da yamma.

Wani lokaci takardar gwajin kanta ta isa ba da amsa, kamar in sauyin ya katse umarnin a tsakiya, an san ragi ne. In kuwa harafi ɗaya ne ya musanya da wani, sai an gwada a ɗakin bincike. Yadda ake yi zai ba ka dariya: ana ɗura umarnin mai sauyin cikin ƙwan wani kwaɗo, ƙwan ya ƙera ƙofar a jikinsa, a soka masa siraran allurai a auna wutar da ke wucewa, a kwatanta da ta lafiyayyar ƙofa. Ɗakin binciken Stephen Traynelis a Jami'ar Emory da ke Atlanta ya gwada ɗimbin sauye-sauye ta wannan hanya, don haka mai yiwuwa an riga an auna irin na jikanka. Ga tambayar da za ku kai wa likitansa, ke ma mai wasiƙar farko ita nake nufi: "Wannan sauyin, an san ko rage aikin ƙofar yake ko ƙara shi?"

Ko an sani, kada a ɗora buri da yawa. A 2014 aka ba da rahoton wani yaro a Amurka mai sauyin GRIN2A irin na buɗuwa da yawa, aka ba shi memantin bayan an gwada maganin a kan ƙofar tasa a ɗakin bincike. Jijjigarsa ta ragu sosai, amma bai warke ba. A wasu yaran sauyin kan taɓa daidai gurbin da maganin ke zama, sai ya ƙi kamawa. A 2019 masana a Basalona ta ƙasar Sifen suka ba wata yarinya mai GRIN2B irin na ragi L-serin, aka ga ci gaba a motsinta da mu'amalarta. Gwajin da ya biyo baya, wanda ya fito a 2024, yara 24 ne kawai, ba a kuma kwatanta su da wani rukunin da bai sha ba. A ganina alama ce mai faranta rai, ba hujja ce yankakkiya ba. Yaro na girma ko ba magani, iyaye kuma in sun sa rai, ido kan ga abin da zuciya ke so. In za a gwada, a yi shi a hannun likita, da awo, da rubuta yadda yaron yake kafin a fara.

Abu na ƙarshe, Baba: GRIN1 tana da nau'in da sai yaro ya gaji sauyin daga uwa da uba duka biyu, su kuwa lafiyarsu lau. A nan lissafin sake haihuwa 1 cikin 4 ne, ba 1 cikin 100 ba. A duba takardar a ga wanne ne.

TAMBAYA: Anti Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. NMDA ce kaɗai ke samun irin wannan? Kuma ciwon nan na kumburin ƙwaƙwalwa mai sunan NMDA, shi ma na gado ne? — Daga wata ɗaliba

AMSA: Ƙanwata, ba ita kaɗai ba ce, ba ma ita aka fara ganowa ba. A 1995 aka samu sauyi a CHRNA4, ƙofar sinadarin asetilkolin, a wani babban dangi a Ostireliya masu farfaɗiyar dare, kuma ita ce ƙwayar gado ta farko da aka danganta da farfaɗiyar da ba rauni ko wata cuta ta jawo ba. A 2001 aka samu GABRG2, ɗaya daga ƙofofin GABA, a dangogi masu jijjigar zazzaɓi.

Kumburin da kika ambata kuwa daban ne, ba gado ba ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa lafiyayyar ƙofa. Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana shi a 2007. Mutum na zaune lafiya, cikin kwanaki ko makonni ya rikice, ya daina barci, ya fara sambatu, jijjiga da motsin baki su biyo. Ya fi kama 'yan mata, wani lokaci tare da ƙari a ma'ajiyar ƙwai, kuma yawanci suna samun sauƙi in an kwantar da garkuwar da wuri.

In ɗakin jarirai za ki shiga, ga wanda nake so ki riƙe. Akwai jaririn da ake haifa a sandare, ƙaramin ƙara ko taɓawa ya sa ya zabura ya ƙame har numfashi ya tsaya. Sau da yawa akan ɗauka farfaɗiya ce, EEG kuma ya fito lafiya. Yawanci sauyi ne a GLRA1, ƙofar gilaisin, wanda aka gano a 1993. Ki ɗan ƙwanƙwasa karan hancinsa da yatsa, zai zabura, ki sake ya sake, ba ya sabawa kamar sauran jarirai. Maganin kulonazefam na yi masa aiki, sandarewar kuma kan ragu a shekarar farko. In ya ƙame a hannunki ya fara shuɗewa, ki lanƙwaso kansa da ƙafafunsa zuwa cikinsa, ki riƙe har jikin ya saki, wani kuma ya ruga kiran likita. Kafin a sallame su, ki sa uwar ta gwada lanƙwasawar a gabanki, sau biyu ko uku, har hannunta ya faɗa.